RUWANA NE, KUƊINA NE: MAGANA A KAN INJIN WANKI DA ISRAFI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya sanya ruwa abin sha kuma abin tsarki, Ya danƙa shi amana a hannun bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana mai karatu, Allah Ya gafarta mana da ni da kai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da wani abokina ya faɗa mini, wadda na kasa ba shi amsarta a lokacin. Na kai masa ziyara ne a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin Kano, da tsakiyar bazara. Tun kafin in isa ƙofar gidan na ga ruwan kumfa yana kwarara ta wani bututu a gindin katanga, ya kwanta a layi, har wani ɗan garuwa da ya turo kurarsa sai da ya ratse ta gefe don kada tayarsa ta kafe a taɓo. Da na shiga sai na tarar da injin wanki yana ta juyi a wani lungu kusa da ɗakin baƙi. Irin mai ƙofar gilashin nan ne, ana ganin cikinsa. Singileti biyu ne da tawul ɗaya.

Na yi masa magana cikin raha. Sai ya ce, "Haba Malam, ruwana ne fa. Da kuɗina na haƙa rijiyar burtsatse, da kuɗina nake sayen katin wuta. Wa na zalunta?" Mutumin nan kuwa ba fasiƙi ba ne, a sahun farko yake salla, kuma yana fitar da zakkarsa. Na yi shiru, domin ni ma ban kuɓuta ba. Sau nawa ranar Alhamis da dare na cusa farar rigar Juma'a guda ɗaya tak a injin gidana, na danna, na tafi na kwanta?

To, tambayar nan tasa ta cancanci amsa, kuma amsar ba ta zagi ba ce.

Mu fara kawar da wata shubuha. Injin wanki da injin wanke kwanuka ba bidi'a ba ne. Bidi'a a cikin addini take, waɗannan kuwa kayan duniya ne kamar keken ɗinki da injin niƙa, asalinsu halal. Ni'ima ce ma babba. Wanda yake shakka ya tambayi matar da ta yi shekara ashirin tana durƙushe a gaban baho tana cuɗa kayan mutum goma, hannunta yana tsagewa da hunturu. Shi kansa injin wanke kwanukan da ya fara karɓuwa a kasuwa mace ce ta ƙirƙiro shi, wata Ba'amurkiya mai suna Josephine Cochrane, a shekarar 1886. Maganarmu a nan ta yadda ake amfani da ni'imar ce.

Ka sani, injin wanki na zamani mai ƙofa a gaba, wanda yake jan ruwansa da kansa, yana shan wajen lita 50 a wanki ɗaya, watau jarka biyu ta 'yan garuwa, mai lita 25 kowace. Tsofaffin nan masu murfi a sama, waɗanda suke cika tukunya maƙil, akwai mai shan fiye da lita 100, har zuwa 150. Jarka shida ke nan. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, in ka sa rabin kaya injin ba ya shan rabin ruwa. Ko da yana da madannin rabin kaya, ko yana auna nauyin tufafi da kansa, abin da yake ragewa bai kai rabi ba. Saboda haka wanki biyu na rabi-rabi sun fi wanki ɗaya cikakke cin ruwa da wuta, alhali kayan da aka wanke ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen lita 20 a rana shi ne mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata don sha da girki da ɗan tsabtar jiki. Ka ga singileti biyu da tawul na abokina sun tafi da abin da zai iya kai rabon mutum biyu na yini guda.

Yanzu ajiye wannan ma'auni, ka ɗauko na Sunna. Ya inganta a cikin Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun da ake nufi ba mudun awon hatsi na kasuwarmu ba ne. Cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba, wajen kashi biyu cikin uku na lita. Sa'i kuwa mudu huɗu ne, bai cika lita 3 ba. Lissafa da kanka: ruwan da farar rigata ɗaya ta sha a daren Alhamis ya ishi mafificin halitta wankan janaba wajen sau 15. Wallahi ranar da na yi wannan lissafi kunya ta kama ni.

Akwai kuma hadisin da ya shahara a bakin masu wa'azi, na Sa'adu, wanda aka hana shi yawaita ruwa a alwala ko da a bakin kogi mai gudu yake. Ahmad da Ibnu Majah suka ruwaito shi. Amanar ilmi ta sa in gaya maka cewa malaman hadisi sun yi saɓani a kan isnadinsa, waɗansu sun raunana shi, waɗansu sun kyautata shi. Amma ba mu dogara da shi kaɗai ba. Allah Ya hana israfi a Suratul A'arafi aya ta 31, Ya kuma danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu a Suratul Isra'i aya ta 27. Kai, ko Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a kowane zaure a ƙasar nan, ta ƙidaya ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki a cikin sunna, ta kira wuce iyaka a cikinsa shisshigi da bidi'a. Mu da muke yaƙi da bidi'a a kan mumbari, ga wata nan a banɗakinmu ba mu waiwaye ta ba. In an hana wuce iyaka a ruwan ibada, wanda ake neman lada da shi, ina ga ruwan wanke tawul?

Sai mu koma ga kalmar "ruwana ne". Gaskiya ne malaman fiƙihu sun ce ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a mazubinsa ya zama mallakarsa, yana iya sayarwa, shi ya sa sana'ar ɗan garuwa halal ce. Amma mallaka ba ta goge sunan israfi. Hasali ma israfi a cikin abin da ka mallaka yake aukuwa, domin in dukiyar wani ka ɓarnatar wannan sunansa zalunci ko sata. Israfi shi ne ka wuce gwargwadon bukata a cikin abin da aka halatta maka. Da a ce biyan kuɗi yana wanke mutum daga wannan laifi, da ayar ba ta hau kan mawadata ba, alhali su aka fi nufi da ita.

Sa'an nan shi ruwan burtsatse, kuɗinka bututu ya saya da injin ja da tanki. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katangar gidanka ba. Ƙasan birnin Kano mafi yawansa dutse ne, ruwan yana maƙale ne a tsage-tsagen dutsen da ruɓaɓɓen sashinsa na sama, ba wani teku ne shimfiɗe ba. Idan gidaje ashirin a layi ɗaya suka zurfafa suna zuƙa ba awo, wanda yake fara ji a jikinsa shi ne talakan da ke da rijiyar guga mai gaba goma, ita ce take fara ƙafewa da bazara. Shi ne zai koma sayen jarka. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya sanya Musulmi abokan tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma ya inganta cewa an hana riƙe rarar ruwa ga mai bukata. To wanda aka hana shi riƙe rara, yaya hukuncinsa in ya tura ta kwata a gaban idon mabukacin? Wannan ita ce amsar "wa na zalunta" da ban iya bayarwa ba a ranar. Mai yiwuwa ba za ka taɓa sanin sunansa ba, amma yana nan a bayan layinku.

Dattawanmu da suka ga farin 1972 zuwa 1974 ba sa bukatar a yi musu wannan bayani. Tafkin Chadi, wanda ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai a shekarun 1970 da 1980 har ya koma ɗan kaso na girmansa na da. Mu ne 'yan famfo da tanki muka ɗauka ruwa daga bango yake fitowa.

Maganar wuta ma haka take, kuma a nan ne jahiltar na'urar yake cin kuɗin mutane. Juya tukunyar injin ba ya cin wuta sosai, 'yan wat ɗari-ɗari ne. Abin da yake ci shi ne ƙarfen da ke dafa ruwa a ciki, wanda yake jan wajen wat 2,000, kamar butar lantarki. Hukumomin makamashi na Amurka suna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da wankin ruwan zafi yake ci a wajen dumama ruwan take tafiya. Turawa suna da uzuri, ruwan famfonsu da sanyin ƙanƙara yake zuwa. Kai fa? Tankinka yana kan rufi, rana ta dafa maka shi kyauta tun kafin azahar, sai kuma ka murɗa injin zuwa digiri 60 don wanke rigar da gumi kawai ta sha. Mayar da shi kan ruwan sanyi ko digiri 30, omon zamani yana aiki a haka. Bar ruwan zafi don inda ake bukatarsa, kamar shimfiɗar majiyyaci da tsumman jarirai da kayan da maiƙo ya kama. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya a watan Afrilu na 2024, mai dafa ruwan wanki da janareta ya san abin da yake ƙonawa. Na'urar busar da kaya kuwa, wadda take iya cin wutar da ta fi ta wankin kansa, ban ga hujjar mai kunna ta a ƙasar da shanya take bushewa kafin a yi la'asar ba, sai fa in damina ta yi nauyi ko babu wurin ɗaura igiya.

Omo kuma, mutanenmu sun ɗauka yawan kumfa shi ne fita. A injin mai ƙofar gaba yawan kumfa yana hana tufafi gogar juna, da yawansu kuma in suka ji kumfa ta yi yawa sai su ƙara ɗauraya da kansu. Ka yi asarar omo, ka yi asarar ruwa, rigar kuma ta fito da fari-fari a jiki. Bi awon da aka rubuta a jikin leda.

Mafi yawan gidajenmu ma ba wancan injin ne da su ba, mai tukunya biyu ne, wanda ake zuba masa ruwa da bokiti ko tiyo, ɗaya tukunyar ta wanki ɗaya ta matsa. Kada mai shi ya raina shi. A wajen tattali ya fi ba ka iko, domin ruwan a hannunka yake. Fara da fararen kaya, in sun fita ka sa masu launi a ruwan nan, ka ƙare da mafi dauɗa kamar kayan wasan yara da tsumman goge-goge. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ka mayar da shi na wankin zubi na gaba, ko ka tare shi a baho don kora masai da wanke tsakar gida da yayyafi saboda ƙura. Iyayenmu mata haka suke yi tun ba a san inji ba. Abin da yake ɓata wannan injin shi ne a saƙala tiyo a bar shi yana zuba, magudanar kuma a buɗe, wai ana ɗauraya, mai wankin yana can yana waya.

Na san abin da zai zo a zuciyar mai tsantseni: maganar tsarki fa? Tambaya ce mai kyau. A mazhabar Maliku ruwan da sabulu ya canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa mai tsarki ne a kansa, ana aikin yau da kullum da shi, amma ba ya ɗauke hukuncin najasa, sai ruwa tsantsa. Mafita mai sauƙi ce. Tufar da fitsarin yaro ko jini ya taɓa, ware ta, ka wanke gurbin najasar da ruwa tsantsa a buta har ta gushe, sa'an nan ka jefa ta cikin sauran kaya. Buta ɗaya ta gama aikin. Amma mutum ya sa injin ya yi ɗauraya uku, ya fito da kaya, zuciyarsa ta ce masa anya, ya sake mayarwa, wannan ba tsantseni ba ne, waswasi ne, kuma maganin waswasi shi ne a ƙi biye masa. Tufa asalinta tsarki ne har sai an tabbatar da najasa, shakka ba ta najasantar da ita.

Injin wanke kwanuka bai yawaita a wurinmu ba tukuna, sai gidajen masu hali da otal-otal da 'yan'uwanmu mazauna Turai da ƙasashen Larabawa. Amma ya fara shiga kayan ɗakin amare, saboda haka ya kamata a san gaskiyarsa. Masu sayarwa suna cewa ya fi hannu tattalin ruwa. Na zamani yana shan lita 10 zuwa 13 a zubi ɗaya, wannan gaskiya ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Bonn ta ƙasar Jamus a farkon shekarun 2000 ya sa mutane daga ƙasashen Turai dabam-dabam su wanke kwanukan cin mutum 12 da hannu, aka tarar a tsakaice kowa ya kashe fiye da lita 100. To amma ka lura da waɗanda aka gwada. Da yawansu famfo suke saki yana zuba suna wanke-wanke a ƙarƙashinsa. 'Yar'uwarmu da take wanke-wanke da roba biyu, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya, da bokiti guda, ba ta cikin wannan lissafi, kuma ba ta ci wutar kowa ba. Kada wani ɗan kasuwa ya sa ta ji kamar ita ce mai ɓarna.

Wanda Allah Ya hore masa injin, sharaɗin tattalinsa shi ne a cika shi kafin a kunna, kuma kada a wanke kwano a famfo kafin a sa shi ciki. Famfo a buɗe yana zubar da lita 6 zuwa 10 ko fiye a minti ɗaya, watau minti biyu na wannan share fage sun cinye abin da injin zai sha gaba ɗaya. Kankare sauran abinci da cokali ya isa, a ba kaji ko awaki, a riƙa kuma wanke rariyar da ke ƙasan injin don kada ta toshe. Tsarin da aka rubuta wa Eco yana ɗaukar awa uku ko fiye, mutane sai su zaci ya fi cin wuta, alhali ya fi ƙarancin ci, domin bai dumama ruwa sosai ba, jiƙo yake bari ya yi aiki. Illarsa a wurinmu ɗaya ce, a ɗauke wuta yana tsakiya, sai mutum ya dubi lokacin da wutar unguwarsu ta fi zama. Tukunyar tuwo mai ƙanzo kuwa ba aikinsa ba ce, jiƙa ta za a yi a sa soso. Tukunyar dalma tana dusashewa a cikinsa, akushi da muciya da ƙwarya suna tsagewa.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya koma gida ya zama bala'i ga iyalinsa. Allah Ya yabi bayinSa a Suratul Furƙani aya ta 67 da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Akwai mai danƙara kaya a injin har ƙofa ta rufu da ƙyar, wai tattali. Kayan ba za su juya ba, ba za su fita ba, a sake wankewa, injin kuma ya lalace kafin lokacinsa. A bar sarari kamar faɗin tafin hannu a saman tufafin. Akwai kuma maigidan da zai kulle injin ya ce a koma baho saboda kuɗin wuta, shi kuwa na'urar sanyaya ɗakinsa ba ta hutawa. Wannan ba tsoron Allah ba ne, rowa ce aka naɗa mata rawani. In yaro ya yi gudawa cikin dare, ko akwai mai jinya a gida, a kunna inji ko da kaya uku ne, bukata ce, kuma ba a kiran biyan bukata israfi.

Kai maigida, kada ka jingina laifin ga matarka ko yarinyar da ke taya ta aiki. Yawancin rabin zubin nan saboda kai ake yin sa, kai ne kake cewa rigar nan kaza kake so gobe da safe alhali akwai goma a rataye. Kai ka sayo injin, takardar bayaninsa tana cikin kwali ba ka taɓa buɗewa ba, ka bar mai aikin da ba ta karanta Turanci tana danna abin da ta ga dama. A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa hidimar gida. Zauna da su rabin awa, ku karanta takardar tare, ku sa ranakun wanki biyu ko uku a mako, ku ajiye kwando na farare da na masu launi. Ke kuma uwar amarya, in za a sayo inji a dubi yawan mutanen gidan da ruwan unguwar da ƙarfin wutarta. Injin mai cin kilo 12 a ɗakin mutum biyu, don kawai 'yan ganin ɗaki su yi magana, zai shekara yana juyi da ciki fayau.

Abokin nan nawa na koma wurinsa bayan 'yan makonni da wannan lissafi a takarda. Bai yarda da ni duka ba. Har yanzu yana cewa na tsananta a maganar rijiyar maƙwabta, wai nasa bututun ɗaya ba zai ƙafar da unguwa ba, ni kuma na ce masa kowane ɗaya daga cikin gidaje ashirin ɗin haka yake faɗa. Amma ya sa an ajiye duro a bakin magudanar injin, da ruwan ake wanke tsakar gida da masai yanzu, ya kuma fito da kan famfo ɗaya waje ta jikin katanga, yana buɗe wa maƙwabta bayan asuba. Ni ma na ɗinka farar riga ta biyu, ta Juma'a tana jiran sauran kaya zuwa Asabar.